Tafiya Ƙasar Waje Ba Nama, Ba Madara, Ba Ƙwai: Amsar Tambayoyin Da Kuka Dame Ni Da Su

Shekara shida kenan rabona da nama da kifi da ƙwai da madara. Farko likita ne ya ce in rage saboda kitse ya min yawa a jini, daga ragewa sai na ga jikina ya yi min daɗi kawai na zarce, to kuma sana'ata ta saro kaya ce, yau Dubai gobe Santambul jibi Gwanzu ta ƙasar Sin, ga jinyar Hajiyarmu da na yi wata biyu a Indiya ga Umara, shi yasa duk wanda ya ji sai ya ce to ke me kike ci a can? Na gaji da maimaita amsa ɗaya, bari in tattara su wuri ɗaya kowa ya ɗauki tasa.

Anti wai menene bigan ɗin nan, ba shi ne vegetarian ba?

Ba ɗaya bane kuma a nan mutane da yawa suke faɗawa rami. Vegetarian shi ne wanda baya cin nama da kifi amma yana shan madara yana cin cuku, wasu har ƙwai. Shi kuwa wanda Turawa suke rubutawa vegan, ana furta shi kamar bigan, baya taɓa duk abin da ya fito daga jikin dabba, nama, kifi, ƙwai, nono, man shanu, har zuma. Wani Bature ɗan Ingila mai suna Donald Watson ne ya ƙirƙiro kalmar a 1944 lokacin da suka kafa ƙungiyarsu. Ki riƙe kalmomin nan biyu da yadda ake rubuta su don su zaki gani a jikin takardar abinci.

Amma fa ki sani a yawancin duniya kalmar bata da wani amfani. Ki shiga gidan abinci a Alkahira ko a lungun Gwanzu ki ce ke bigan ce, kallonki kawai za a yi a gyaɗa kai a kawo miki abin da aka ga dama.

A jirgi me kike ci?

Kamfanonin jirage suna da lambobin abinci na musamman, haruffa huɗu huɗu. Naki shi ne VGML. Kar ki yarda a danna miki VLML don wannan da madara da ƙwai, AVML kuma irin girkin Indiya ne ba nama amma sau da yawa da nono ko man shanu a ciki. MOML abincin Musulmi ne wato naman halal, ba shi kike nema ba. In duk ya gagara akwai FPML, 'ya'yan itace zalla, zaki sauka da yunwa amma hankalinki kwance.

Abin da ya fi muhimmanci, ana nema ne tun kafin tafiya, wasu kamfanonin awa 24 wasu awa 48, kuma in ejan ne ya yanka miki tikiti kar ki ce ai na gaya masa, ki shiga da kanki ki duba ko ya saka. Ni sau biyu ana min haka, ina zaune aka zo da keken abinci ana tambaya kaza ko kifi, na ce na nemi na daban, ma'aikaciyar ta duba takarda ta ce babu sunana, awa bakwai na yi da burodi ƙwaya ɗaya da dabinon da ke jakata. Kuma in an canza miki jirgi ko an ɗaga tafiya, odar tana iya ɓacewa, sai kin sabunta. Daɗin abin ɗaya dai, masu abinci na musamman su ake fara ba, kin gama ci kin goge baki maƙwabcinki yana ta leƙe.

Me zan zuba a jaka daga gida?

Mu fa Allah ya rufa mana asiri da busasshen abinci. Ni jakata bata rabuwa da garin kwaki, ƙuli-ƙuli, soyayyar gyaɗa, aya, dabino, kantun riɗi, garin kunu da tsamiya, yaji, sai busasshen zogale. Kunu kawai ya ishe ki karin safe in dai akwai butar lantarki a ɗakin otal, zogale kuma ki jiƙa shi da ruwan zafi ki daka ƙuli a leda da gindin kofi ki yanka tumatir da albasa da kika saya a shago, ga kwaɗonki a tsakiyar birnin Sin. In masaukin mai kicin ne to ki ƙara garin ɗanwake da kuka.

Yajin ki duba wanda kika saya, wasu masu dakawa suna zuba magi mai ɗanɗanon kaza, gara ki daka naki. Markaɗaɗɗiyar gyaɗa kuma kar ki sa a jakar hannu, masu bincike suna lissafa ta a cikin ruwa-ruwa kuma doka mililita 100 ce a yawancin filayen jirgi, zasu jefa ta a kwandon shara kina kallo.

Daddawa kam ki yi tunani sau biyu. Na taɓa ɗaure ta a leda uku na cusa a gwangwanin da na tabbatar ya rufu, a wani filin jirgi jami'i ya buɗe, wlh ja da baya ya yi ya toshe hanci ya kira abokin aikinsa, suka tsaya suna jujjuya ta da bakin biro kamar sun kama wani mugun abu, ni kuma ina ta bayani da hannu ina nuna baki ina cewa miya miya. Sun bar min ita daga ƙarshe amma abayoyina sati guda suna ƙanshin miyar kuka.

Kwastan ba sa ƙwacewa?

Ya danganta da ƙasa. Tarayyar Turai nama da madara ne suka fi hanawa a shigo dasu daga waje, kin ga masu kilishi su ke da matsala ba ke ba. Amurka da Ostareliya da Niyu Zilan suna da tsanani a kan ɗanyun 'ya'yan itace da iri da duk abin da zai iya tsirowa, kuma a takardar shiga akwai inda ake tambaya ko kina ɗauke da abinci, ki ce eh, in sun ƙwace sun ƙwace ba laifi, ɓoyewar ce take jawo tara. Ɗanyen wake ki bar shi a gida, ko'ina akwai wake.

Duk wani gari fari ko kore ki zuba a roba mai haske ki manna takarda ki rubuta sunansa da Turanci, kuka da zogale musamman, don a ƙasashen Larabawa ba a wasa da ganyen da ba a gane ba. Goro kuma hukumar alhazai kusan duk shekara sai ta gargaɗi maniyyata kar su kai shi Saudiyya. Sannan dan Allah kar ki karɓi ƙullin kowa a filin jirgi wai saƙon yaji ne a kai wa 'yar uwa.

Wace ƙasa ce ta fi miki sauƙi?

Habasha, ba ko tantama. Kuma da yawanmu muna ratsa ta Addis Ababa in za mu Sin ko Indiya, mu zauna a filin jirgin Bole muna hamma ba mu san arzikin da ke wajen ba. Kiristocin Otodoks na can suna azumi kusan duk Laraba da Juma'a, ga babban azuminsu kafin Ista na kwana 55, ga wasu a tsakanin shekara, kuma azumin nasu ya haɗa da barin nama da madara da ƙwai da man shanu gaba ɗaya. Don haka kusan kowane gidan abinci ya san girkin azumi, ba wani sabon yayi bane a wajensu.

Abin da zaki ce kawai shi ne yetsom beyaynetu. Za a kawo miki faranti babba an shimfiɗa injera, wata irin faffaɗar waina mai tsami da ake yi da ƙwayar teff, in kin san sinasir to ƙanwarsa ce sai dai ta fi shi tsami da duhu, a kai an ɗiɗɗiga miya kala-kala, misir wat ta jan adas (wani ɗan mitsitsin wake ne) mai yaji, shiro ta garin wake mai santsi, gomen na ganye, da kabeji da karas da dankali. Da hannu ake ci, ki yago injera ki dangwalo. Abu biyu zaki kula, shiro in ba na azumi bane suna sa masa man shanunsu mai kayan ƙanshi da suke kira niter kibbeh, sannan wasu wuraren suna ɗora soyayyen kifi a farantin azumi, ki ce ba kya so tun farko.

Indiya fa, ba an ce su ba sa cin nama ba?

Hmm Indiya ita ce ta fi yaudarata. Gaskiya ne gidajen abinci marasa nama sun cika ko'ina, zaki ga an rubuta Pure Veg a ƙofa, kuma doka ce duk abincin leda sai an sa masa alama, koren ɗigo a cikin koren akwati na nufin ba nama ba kifi ba ƙwai. Amma koren ɗigon bai hana madara ba, su kuwa mutanen nan madara ce rayuwarsu. Ghee wato soyayyen man shanu irin namu na Fulani, shi ake yaryaɗawa a kan shinkafa, a shafa a gurasa, a soya kayan miya dashi, ga paneer wanda in kin gani zaki rantse awara ce alhali cuku ne, ga dahi wato kindirmo, ga shayinsu da ake dafawa da madara tun a tukunya.

Da muna jinya a Delhi sati na farko na sha wuya, duk abin da na nuna sai a ce akwai ghee kaɗan, kaɗan ɗin nan kuwa cokali biyu ne. Abin da ya cece ni girkin kudancin ƙasar ne, idli wanda kamar wainar shinkafa ce da aka turara ba mai, dosa, sambar ta adas da kayan lambu da tsamiya, da miyar kwakwa. Ko a nan ma sai ki ce no ghee no butter don wasu da shi suke soya dosa. A girkin arewa chana masala da aloo gobi da roti busasshiya sun fi aminci, naan da dal makhani ki ƙyale su. Abincin mabiya addinin Jain kuma kar ya ruɗe ki, ba albasa ba tafarnuwa ba dankali amma madara na nan daram.

Za mu Umara da maigida, ya zan yi a Makka da Madina?

Hajiya ba zaki sha wahala ba in kin bar bin layin kaza da shinkafa. Shinkafar kabsa da bukhari a romon nama ake dafa su, ko an cire tsokar romon ya riga ya shiga. Ki nemi masu ful da tamis da safe bayan Asuba, ful wake ne da aka dafa ya yi lugub, tamis kuma gurasar tanderu mai zafi, ki ce biz-zait wato da man zaitun, bidun samn wato ba man shanu. Ga falafil mai kama da ƙosai ga hummus na markaɗaɗɗen wake da riɗi ga miyar adas ga dabino iri-iri ga 'ya'yan itace a kowane shago. Mutabbal na gauta yawanci suna haɗa shi da yogot, ki tambaya.

Wata 'yar dabara, a Saudiyya halib shi ne madara laban kuma nono mai tsami, a Masar kuwa laban shi ne madarar, yogot zabadi suke ce masa. Ki ambaci dukansu ki huta.

Dubai ma haka, kuma can ga Indiyawa, daga Deira in kin tsallaka Bur Dubai ko Karama gidajen abincin kudancin Indiya irin su Saravanaa Bhavan suna nan.

Masar?

Koshari. Shinkafa da adas da taliya da makaroni da wake a kwano ɗaya, a zuba miyar tumatir da soyayyar albasa da ruwan tafarnuwa da khal, arha ga cika ciki, kuma asalinsa ba nama. Sai ful da ta'amiyya wadda ƙosansu ce kawai. Kibɗawa Kiristocin Masar suma suna da azumi irin na Habasha, kalmar ita ce siyami, ko a gidan burodi kika faɗa za a nuna miki wanda ba madara ba ƙwai, sai dai wasu azumin nasu ana cin kifi. Mulukhiyya kuma lalo ce tamu sak, zaki ganta ranki ya biya, amma a romon kaza ko zomo ake kaɗa ta.

Santambul kuma duk kebab ne ko?

A Laleli da Aksaray inda muke saro kaya eh kusan duk inda kika juya nama ne yake juyawa a ƙarfe. Amma Turkawa suna da wani sashe guda na girki da suke kira zeytinyağlı, kayan lambu da aka dafa da man zaitun ana ci da sanyi, koren wake, gauta, ganyen inabi da aka naɗe shinkafa a ciki. Ki shiga lokanta irin mai abinci a jere bayan gilashi ki nuna da yatsa. Simit, burodin nan mai zobe da riɗi da ake turawa a jan keke, shi ne karin safena. Sai çiğ köfte wanda a shagunan titi da alkama da tattasai ake murza shi ba nama, a naɗe miki a gurasa da latas da lemon tsami, yaji kamar Bahaushiya ce ta haɗa.

Wanda zaki yi hattara dashi miyar adas ɗinsu da pilav wato shinkafarsu da kuru fasulye wato miyar farin wake, ido bazai ga nama ba amma sau da yawa akwai tereyağı wato man shanu ko et suyu wato romo.

Gwanzu ita nake tsoro Anti, ko masu cin nama ma wahala suke sha

Ki ji tsoron da hujja. Wai ƙasar da ta ƙirƙiro awara, don tofu dai awara ce ba wani abu ba, amma a nan na fi cin abin da ban yi niyya ba. Matsalar ita ce su a wajensu in kin ce ba nama, tsoka manya-manya kike nufi. Niƙaƙƙen nama da aka barbaɗa don ɗanɗano, ruwan kawa wato oyster sauce na wata dabbar teku da ake zubawa a ganye, garin kaza, busassun jatan lande, kitsen alade da wasu ke suya dashi, duk wannan kayan haɗi ne kamar yadda mu muke ɗaukar daddawa.

Zuwana na biyu na shiga wani ƙaramin shago na nuna hoton awara a jar miya, na buɗe waya na nuna wa yarinyar rubutun cewa bana cin nama, ta yi murmushi ta ce okay okay. Aka kawo yana tururi, na sa cokali na ga wasu 'yan ƙananan abu ruwan ƙasa kamar tsakin masara, na ɗago ɗaya na nuna mata, ta daga hannu tana nuna min ai ɗan kaɗan ne. Mapo tofu kenan, asalin girkinsa da niƙaƙƙen nama ne kuma a wuri irin wannan ba lallai na saniya bane. Na biya kuɗi na fita na sayi ayaba.

Yanzu abu biyu nake yi. In ina unguwar Xiaobei inda 'yan Afirka suka fi yawa, ina shiga shagunan Musulmin Sin masu alamar 清真 wato halal, ko ba komai na tsira daga alade, in nemi soyayyen dankali da tattasai ko ganye da tafarnuwa da farar shinkafa, taliyarsu ta lamian dai a romon saniya take. In kuma ina da lokaci sai in nemi gidan abincin 'yan Buddha, galibi kusa da wuraren bautarsu suke, alamar ita ce 素, can ba nama ko ɗigo, sai dai zaki ga abu kamar kaza kamar kifi alhali duk waken suya ne da alkama, ki tambayi ƙwai da madara kawai. Jimlar da zaki haddace wo chi su, ma'ana ni mai cin ganye ce.

Tailan?

Ruwan kifi a komai, har a kwaɗon gwanda. Ki nemi tuta ruwan ɗorawa mai jan rubutu เจ, kamar lamba 17 yake a ido, ana furta shi je, duk inda kika ganta to ba dabba a tukunyar.

Ɗana zai tafi karatu Ingila, shi ma baya ci

Shi kam ya huta Mama. Ingila da Jamus kowane babban kanti akwai sashensu, an rubuta vegan ɓaro-ɓaro a jikin kaya, har madarar waken suya da ta alkamar oat. Dokarsu ta tilasta a fito da abubuwa 14 masu tayar wa mutane da borin jini a jerin kayan haɗi, yawanci da baƙin rubutu mai kauri, madara da ƙwai da kifi suna ciki. Amma nama baya cikin 14 ɗin, gelatin da ake samu daga ƙashi da fatar dabba ma haka, don haka sai ya karanta jerin duka. Ya kula da gelatin a alewa mai danƙo, E120 jan launi ne daga wani ƙwaro, E904 shi ma daga ƙwaro, whey da casein kuma madara ce ta canza suna.

Italiya ya nemi pizza marinara, ita ba cuku a kanta tun asali, da busasshiyar taliya da miyar tumatir. Faransa ce dai sai a hankali, man shanu kamar da shi aka gina ƙasar.

To in abu bigan ne shikenan ya zama halal ko?

A'a fa, kuma wannan ita ce tambayar da na fi so a yi min, don na san 'yan kasuwa da ɗalibai da yawa masu cin nama a gida amma in sun fita sai su koma abincin bigan don gudun mushe da alade. Dabara ce mai kyau amma bata rufe ƙofar giya ba. Giya daga inabi da hatsi ake yinta, ba ruwan bigan da ita. Shinkafar risotto ta Italiya yawanci da farar giya ake dafa ta, Sinawa suna da giyar girki ta Shaoxing, Japanawa suna da mirin, wasu kek da cakulan ma ana zuba musu. Don haka tambayarki biyu ce kullum, akwai abin dabba, akwai giya.

In ban iya yaren ba ya zan yi bayani?

Ki bar faɗin sunan abin da kike, ki lissafa abin da ba kya so ɗaya bayan ɗaya: nama, kaza, kifi, romo, kitse, ƙwai, madara, man shanu, giya. Kaza daban ki faɗe ta don wurare da yawa kaza ba nama bace a lissafinsu, haka romo. Ki sa wanda ya iya yaren ya rubuta miki a kati, ko ma'aikacin otal, ki ɗauki hotonsa a waya, ya fi fassarar Google ita kaɗai don ita wani lokacin shirme take juyawa. Akwai kuma manhajar HappyCow da ke nuna gidajen abincin bigan na kusa dake, tana aiki sosai a manyan birane, a ƙananan gari kuwa sai ki ga fili fetal.

Ni dai abin da na lura, ki tambayi me leburori suke ci da safe ko me ake ci ranar azumi, kusan ko'ina amsar wake ce da hatsi.

Ko nan kusa, Gana misali?

Waakye ɗinsu ai sunan ma daga wake ya fito, shinkafa da wake ce, ki ce kar a sa miki shito don da busasshen kifi da jatan lande ake soya shi, kar a sa ƙwai da ganda. Da safe ga koko da ƙosai a hannun 'yan uwanmu na zango kamar kina Kano. Red red na wake da soyayyar agada ma ki tambaya ko an sa kifi.

Jiki baya rauni? Ba kya jiri a hanya?

In kin zauna a kan burodi da lemon kwalba da soyayyen dankali sati biyu dole ki yi jiri. Ki tabbatar kullum akwai wake ko adas ko awara ko gyaɗa a abincinki. Abin da ba wasa a cikinsa shi ne sinadarin B12, babu shi a tsirrai yadda za a dogara, babba yana buƙatar kamar maikirogiram 2.4 a rana, kuma hanta tana ajiye shi shekaru shi yasa mutum zai ɗauka lafiyarsa lau sai daga baya gajiya da sagewar hannu da ƙafa su bayyana. Ki sha ƙwayarsa, ki tafi da ita a kwalbarta ta asali. Don ƙarin jini kuma ki matsa lemon tsami a wake da ganye, ki ɗan jinkirta shayi bayan cin abinci don yana rage shigar sinadarin ƙarfe. Mai ciki da mai shayarwa da yara su ga likita kafin komai, kar a ce Anti ce ta ce. Maganin asibiti kuma ki sha abinki ko da kwanson gelatin ne in ba madadinsa.

Ba kya ganin kina haramta abin da Allah ya halatta?

Ban taɓa cewa nama haramun bane kuma bazan ce ba. Muna layya a gidanmu duk shekara, ni nake tsayawa a kan suyar ma in raba. Rashin cin abu daban, haramta shi daban.

An gayyace ni gida a ƙasar mutane an yi min yanka, in ƙi ci?

Wannan ita ce mai wuyar, ta fi ta Gwanzu. Wata abokiyar cinikina a Alkahira ta kai ni gidansu, mahaifiyarta tsohuwa ta wuni tana cusa shinkafa a cikin tantabaru saboda ni, aka ajiye min biyu a gabana tana tsaye tana jira in yaba. Laifina ne don ban faɗa da wuri ba. Na kama hannunta na ce Mama likita ne ya hana ni, wanda kuma gaskiya ne ta nan aka faro, na cika farantina da salak da gurasa da ɗahina na ci na ƙara na ƙara har ta saki fuska, tantabarun kuma jikokinta suka yi wasoso.

Tun daga ranar duk wanda ya gayyace ni a take nake gaya masa kafin a hura wuta, in kuma faɗi abin da nake ci ba wanda bana ci kaɗai ba, don in kin ce bana cin kaza bana cin kaza uwar gida ruɗewa take yi, in kuwa kika ce ina son wake ina son adas to kin ba ta abin yi. Kuma ina riƙe ledar aya ko kantu in kai tsaraba, yaran gidan can na Alkahira har yau in zan je sai an aiko min a waya kar in manta da kantu.